Yadda Amurkawa ke shirin tarbar guguwar dusar ƙanƙara ta farko bayan hunturu mai sauƙi

A jajiberin Kirsimetin shekarar 2015, mazauna birnin New York na ƙasar Amurka sun fita yawo da riguna marasa nauyi, wasu ma da gajerun wanduna. Zafi ya kai digiri 22 a ma'aunin Salsiyas a dandalin shaƙatawa na Central Park, a lokacin da aka saba ganin jama'a a ƙudundune cikin manyan rigunan sanyi da huluna da safar hannu. Birnin bai taɓa ganin watan Disamba mai ɗumi irin wannan ba tun da aka fara ajiye lissafin yanayi. Can a birnin Buffalo kuwa, wanda ya yi suna wajen yawan dusar ƙanƙara, sai ranar 18 ga Disamba aka samu wadda za a iya aunawa, jinkirin da ya zarce wanda aka yi a 1899.

Wata guda bayan haka, tsakanin 22 zuwa 24 ga Janairun 2016, wata gagarumar guguwa ta sauke dusar ƙanƙara mai tsayin santimita 70 a wannan dandali na Central Park, adadin da ba a taɓa samu a zuwa ɗaya ba tun 1869. A Baltimore an auna santimita 74. A wani ƙauye mai suna Glengary da ke Jihar West Virginia ta haura mita ɗaya. An soke tashin jiragen sama fiye da 10,000, kuma aƙalla mutum 55 suka rasa rayukansu a jihohin da abin ya shafa.

Mutum zai yi tsammanin ƙasar da dusar ƙanƙara ke sauka a cikinta kowace shekara ta gama sabawa da ita. Amma masu aikin agajin gaggawa a can sun san cewa guguwar farko da ke zuwa bayan an shafe makonni ana jin daɗin ɗumi tana da nata haɗarin na musamman. Shebur na can a bayan ɗakin ajiya, tayoyin mota na damina ne, direbobi sun manta yadda ake taka birki a kan santsi, hukumomi kuma ba su gwada kayan aikinsu ba tun bara. Ga ɗan kasuwar da ke zuwa sayayya Amurka ko Kanada ko Turai, da ma'aikacin da aka tura kwas, da iyayen da 'ya'yansu ke karatu a waɗannan ƙasashe, sanin yadda ake wannan shiri ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗumi ba ya korar dusar ƙanƙara

Kuskuren farko da jama'a ke yi shi ne ɗauka cewa hunturun da ya fara da sauƙi haka zai ƙare. Sau da yawa ɗumin nan shi ne ke tara wa guguwar kayan aiki.

Dusar ƙanƙara na buƙatar abu biyu: iska mai sanyi da kuma raɓa, wato tururin ruwan da ke cikin iska. Sanyin yana gangarowa ne daga arewa, daga Kanada da yankin Arktik. Raɓar kuwa daga teku take tasowa, kuma gwargwadon ɗumin ruwan teku gwargwadon yawan tururin da yake bayarwa. Masana sun ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri ɗaya na zafi yana bai wa iska damar ɗaukar ƙarin tururi da kusan kashi 7 cikin 100. A hunturun 2015 zuwa 2016 ana cikin yanayin nan da ake kira El Nino, wato ɗumamar ruwan Tekun Pasifik da ke sauya tafiyar iska a faɗin duniya, kuma na wannan karo yana cikin mafi ƙarfi da aka taɓa gani. Ruwan Tekun Atlantika da ke gabar gabashin Amurka shi ma ya fi yadda aka saba ɗumi. Abin da ya rage kawai shi ne sanyi ya iso. Da ya iso a mako na uku na Janairu, sai ya tarar da iska cike da ruwa tana jiransa.

A garuruwan da ke bakin manyan tafkuna lamarin ya fi haka fitowa fili. Idan hunturu ya yi tsanani da wuri, saman Tafkin Erie yakan daskare, ƙanƙarar ta zama murfi, tururi ya daina tashi. Idan kuwa aka yi ɗumi, tafkin yana nan a buɗe. Iskar sanyi ta ratsa samansa, ta kwashi raɓa, ta zo ta juye ta a kan Buffalo da maƙwabtansa. Tafkin a buɗe yake lokacin da guguwar Kirsimetin 2022 ta afka wa birnin, inda sama da mutum 40 suka mutu a yankin, wasu a cikin motocinsu, wasu a gefen titi, wasu a gidajen da wutar lantarki ta ɗauke.

Akwai kuma batun nauyi. A bisa ƙiyasin da aka saba amfani da shi, santimita 10 na dusar ƙanƙara daidai yake da santimita ɗaya na ruwan sama. Amma wadda ta sauka lokacin da sanyi bai yi nisa da digiri sifili ba jiƙaƙƙiya ce, tana manne wa rassan itatuwa da wayoyin lantarki har su karye. Wadda ta sauka cikin tsananin sanyi kuwa busasshiya ce kamar gari, ba ta da nauyi, sai dai iska na kwasarta ta rufe wa mutum gani. Hukumar Kula da Yanayi ta Amurka ba ta duba yawan abin da ya sauka kafin ta sanya guguwa a sahun mafi haɗari. Sharuɗɗanta uku ne: iska mai gudun kilomita 56 a sa'a ko fiye, gani ya gaza mita 400, sannan a ɗauki aƙalla sa'a uku a cikin wannan hali.

Daren da inci ɗaya ya tsayar da Washington

Abin da ya fi nuna illar rashin sabo bai faru a ranar babbar guguwar ta 2016 ba. Ya faru ne kwana biyu kafin ta.

Da yammacin Laraba, 20 ga Janairu, hankalin hukumomin Washington da kewaye na kan guguwar da aka yi hasashen za ta zo ranar Juma'a. Sai ga ɗan yayyafin dusar ƙanƙara da bai wuce inci ɗaya ba, wato santimita biyu da rabi, ya sauka daidai lokacin tashi daga aiki. Ba a zuba wa yawancin tituna gishiri ba. Kwalta ta riga ta yi sanyi, saboda haka dusar ba ta narke ba. Tayoyin dubban motoci suka danne ta, ta koma santsi kamar gilashi. Tafiyar rabin sa'a ta koma ta sa'o'i biyar ko shida. An samu ɗaruruwan haɗurra, wasu direbobi suka bar motocinsu a kan hanya suka taka da ƙafa. Shugaban ƙasa na lokacin, Barack Obama, wanda ya dawo daga Detroit a daren, bai samu hawa jirgi mai saukar ungulu ba saboda yanayin, kuma ayarin motocinsa ya shafe fiye da sa'a ɗaya daga sansanin sojin sama na Andrews zuwa Fadar White House, tafiyar da ba ta cika kai rabin sa'a ba. Washegari Magajiyar Garin Washington, Muriel Bowser, ta fito ta nemi afuwar jama'a.

Abin mamaki, wannan abin kunya ya yi amfani. Mutanen da suka kwana a kan titi saboda inci ɗaya ba su buƙaci a roƙe su su zauna a gida ba da aka ce inci ashirin na tafe. Ofisoshin Gwamnatin Tarayya sun tashi da tsakar ranar Juma'a, an dakatar da jiragen ƙasa na cikin birni tsawon ƙarshen mako, tituna suka kasance fayau lokacin da guguwar ta iso. Ofisoshin ba su buɗe ba ranar Litinin da Talata. Da Majalisar Dattawa ta yi ɗan gajeren zama a ranar Talatar, Sanata Lisa Murkowski ta Jihar Alaska ta lura cewa daga mai jagorantar zaman har ma'aikatan zauren, mata ne kaɗai suka samu fitowa.

Gishiri da motocin shara

Babban makamin hukumomi a wannan yaƙi shi ne gishiri. Ruwa zalla yana daskarewa a digiri sifili, amma wanda aka narka gishiri a cikinsa sai sanyi ya fi haka tsanani. Amurka na zuba kimanin tan miliyan 20 na gishiri a kan hanyoyinta a shekara, kuma da yawa daga wanda birnin New York ke amfani da shi a jirgin ruwa ake kawo shi daga ƙasar Chile. Ana ƙulla kwangilar sayensa tun lokacin zafi, a jibge shi a manyan rumfuna, domin Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Jihar da ta jira sai guguwa ta taso kafin ta nemi ƙari za ta tarar kowa na neman abu ɗaya a lokaci ɗaya.

Dabarar da ta fi aiki ita ce a riga dusar isa kan titi. Kwana ɗaya ko biyu kafin ta sauka, motocin tanki kan fesa ruwan gishiri mai kauri, wanda gishirin da ke cikinsa ya kai kusan kashi 23 cikin 100. Ruwan ya bushe ya bar fararen layuka a kan kwalta. Idan dusar ta sauka, ƙasanta zai narke, ba za ta manne da titi ba, motar turewa ta kwashe ta cikin sauƙi. Sai dai gishirin yana da iyaka. Da zarar sanyin kwalta ya kai kusan digiri 9 ƙasa da sifili, ƙarfinsa ya ragu ƙwarai, sai an haɗa da wasu sinadarai masu tsada, ko a watsa yashi don tayoyi su samu abin kamawa. Yana kuma cin ƙarfen gadoji da ƙasan motoci, yana gurɓata ƙoramu da rijiyoyi.

Babbar matsalar guguwar da ke biyo bayan ɗumi ita ce sau da yawa da ruwan sama take farawa, ruwan sama kuwa yana wanke gishiri. Haka ta faru a Jihar Virginia ranar 3 ga Janairun 2022. An yi Disamba mai ɗumi, har ranar da ta gabata ma ana yawo ba rigar sanyi. Da dare aka fara ruwa, da safe ya juye dusar ƙanƙara mai sauka da sauri fiye da yadda motocin turewa za su iya bi. Hukumar kula da hanyoyi ta jihar ta ce ba ta fesa ruwan gishiri ba saboda ruwan sama zai tafi da shi. Wasu manyan motocin dakon kaya suka zame suka gitta a kan babbar hanyar I-95, wadda ita ce jijiyar gabashin ƙasar, sai cunkoso ya miƙe kusan kilomita 80 a kewayen Fredericksburg. Motocin da za su share hanyar su kansu suka rasa ta inda za su shiga. Sanata Tim Kaine, wanda ya yi takarar Mataimakin Shugaban Ƙasa a 2016, ya baro Richmond zuwa Washington, tafiyar sa'a biyu, amma sai da ya yi sa'a 27 a hanya. Ya ba da labarin cewa cikin dare wasu iyali da ke dawowa daga Florida suka riƙa bin motoci suna raba lemon zaƙi.

A birnin New York, aikin share tituna na hannun hukumar kwashe shara ne. Motocin da ke ɗibar bola su ake ɗaura wa faffaɗan ƙarfen turewa a gaba, a sa wa tayoyinsu sarƙa, ma'aikata su koma aikin sa'a 12 a jere. Motocin watsa gishiri kan fita tun farkon saukar dusar, na turewa kuma sai ta taru ta kai inci biyu. Ke nan duk ranar da aka yi guguwa, shara sai ta jira. Tsari ne mai ma'ana ga mai lissafin kuɗin gwamnati: ba a sayi dubban motoci an ajiye su suna tsatsa wata tara a shekara ba. Amma yana nufin direban da aka ɗauka aiki a shekarun da ba a yi dusar kirki ba zai fara koyon aikin ne a ranar da ake matuƙar buƙatarsa. Wannan ba zato ba ne kawai, domin daga Fabrairun 2022 zuwa tsakiyar Janairun 2024 birnin ya yi kwana 701 ba a samu inci ɗaya a rana guda ba a Central Park.

Yanke shawarar rufe gari

Hukumar Kula da Yanayi na fitar da sanarwa hawa-hawa. Akwai ta a zauna cikin shiri, wadda kan fito kwana ɗaya zuwa uku kafin lokaci, ma'ana akwai yiwuwar guguwa. Akwai ta gargaɗi, ma'ana ta kusa ko ta riga ta fara. Tsakanin waɗannan biyun ne ake yin duk wani shiri mai amfani. Wanda ya jira ta biyun ya makara.

A nan ne kuma gwamnoni da magadan gari ke shiga tsaka mai wuya. A Janairun 2015 an yi hasashen dusar da za ta iya kai ƙafa biyu zuwa uku a New York. Aka rufe hanyoyi, aka tsayar da jirgin ƙarƙashin ƙasa, abin da ba a taɓa yi ba saboda dusar ƙanƙara. Guguwar ta karkata gabas ta faɗa wa Boston, New York ta samu abin da bai kai inci 10 ba, jama'a suka yi ta gunaguni kan asarar kasuwancin yini guda. Shekara ɗaya bayan haka sai aka samu akasi: hasashen farko ya nuna birnin na gefen guguwar, amma ta hauro arewa fiye da yadda aka zata. Sai da tsakar ranar Asabar, 23 ga Janairu, Gwamna Andrew Cuomo ya sanar da dokar hana zirga-zirgar motoci daga ƙarfe 2:30 na rana. An yi sa'a ranar hutu ce.

A Buffalo a 2022 ba a yi wannan sa'ar ba. Guguwar ta zo ranar Juma'a, ana saura kwana biyu Kirsimeti, an kuma sanya dokar hana fita ne da safe bayan mutane da yawa sun riga sun tafi wurin aiki ko sayayya. Wannan jinkiri na cikin abubuwan da aka fi sukar hukumomi a kai daga baya. 'Yan siyasar Amurka ba su manta da Michael Bilandic ba, Magajin Garin Chicago da ya sha kaye a zaɓen fitar da gwani na 1979, makonni kaɗan bayan gwamnatinsa ta kasa share titunan birnin. Idan aka auna, gara shugaba ya sha zagi don ya rufe gari a banza da ya bar shi a buɗe a tsinci gawarwaki, amma duk rufewar da ta tashi a banza tana rage yawan waɗanda za su saurari ta gaba.

Abin da ke kashe mutane a cikin gida

Shawarar da hukumar agajin gaggawa ta ƙasar ke bai wa magidanta ba ta da wuya: a tanadi abinci da ruwan da za su kai aƙalla kwana uku, kimanin lita huɗu na ruwa ga kowane mutum a rana, da abincin da ba sai an dafa ba, da tocila da batura, da magungunan masu ciwon suga ko hawan jini, a kuma cika cajin waya. Ana so a bar famfo yana ɗiga kaɗan-kaɗan cikin dare mai tsananin sanyi, domin ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya fasa bututu. Ɓarnar ba ta bayyana sai ranar da ƙanƙarar ta narke, ruwa ya malale gida. Shi ya sa ake so kowane magidanci ya san inda makunnin babban bututun gidansa yake tun kafin buƙata ta taso.

Amma abin da ya fi kisa a ɓoye shi ne iskar kabon monoksaid, wadda ke fita daga duk abin da ke ƙona mai ko gas ko gawayi. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta ƙwace gurbin iskar da jiki ke rayuwa da ita. Mutum ya ji ciwon kai da jiri da kasala, ya kwanta da niyyar hutawa, shi ke nan. Idan wuta ta ɗauke cikin sanyi, mutane kan shigo da janareta gareji, ko su kunna murhun gasa nama a falo, ko su buɗe tandar gas don ɗumama ɗaki. A Jihar Texas, cikin Fabrairun 2021, lokacin da sanyi ya durƙusar da tashoshin lantarki har gidaje sama da miliyan huɗu suka shiga duhu, asibitoci sun cika da waɗanda suka shaƙi wannan iska. Hukumar lafiya ta jihar ta ce mutum 246 ne suka mutu sanadiyyar wannan sanyi baki ɗaya. Ƙa'idar ita ce janareta ya kasance a waje, aƙalla mita shida daga ƙofa ko taga. Wannan darasi bai tsaya ga Amurka ba: iskar da ke kashe iyali a Houston ita ce ke kashe waɗanda suka kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu a Kano ko Jos, ko suka ja janareta cikin shago don tsoron ɓarayi.

Sai kuma hitar lantarki ta tafi-da-gidanka. Ranar 9 ga Janairun 2022, irin wannan hita da aka bari a kunne ta haddasa gobara a wani bene mai hawa 19 a unguwar Bronx ta New York, unguwar da 'yan Afirka ta Yamma suka fi yawa a birnin, ciki har da Hausawan Ghana da Nijar da Najeriya. Ƙofar gidan da wutar ta tashi, wadda ya kamata ta rufe kanta, ta tsaya a buɗe, hayaƙi ya bi matakala ya cika benen. Mutum 17 suka rasu, takwas daga cikinsu yara, yawancinsu 'yan asalin Gambiya. Dokar birnin ta wajabta wa mai gida ya ɗumama wa 'yan haya ɗakunansu daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, kuma ɗan haya na da damar kai ƙara ta lambar waya 311. Baƙon da bai san haka ba, ko yake tsoron hukuma saboda matsalar takardu, shi ne ke komawa ga hita da tanda.

Mota da shebur

Roba na taurara a cikin sanyi. Da zarar yanayi ya sauko ƙasa da digiri 7, tayar da aka ƙera don lokacin zafi ba ta kama titi yadda ya kamata. A lardin Quebec na Kanada doka ce a sa tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, ko an ga dusa ko ba a gani ba. A yawancin jihohin Amurka babu wannan doka, saboda haka a shekarar ɗumi mutane da yawa kan ɗage sauya taya har ranar da layi zai cika wurin masu gyara. Littafin dokokin hanya na Birtaniya ya yi gargaɗin cewa tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya a kan ƙanƙara na iya ninka ta busasshen titi sau goma. Gadoji kuma su ke fara daskarewa, domin iska na bi ta samansu da ƙarƙashinsu.

Wanda tafiya ta zame masa dole ana so tankinsa ya kasance aƙalla rabi, da bargo da ruwa da ɗan abinci da ƙaramin shebur a cikin motar. Idan ya maƙale, ya zauna a ciki, kada ya fita neman taimako da ƙafa cikin farin duhun da ba a ganin gaba. Ya riƙa tayar da injin na kimanin minti 10 a kowace sa'a don ɗumi, ya ɗan sassauta gilashi, kuma kafin kowace tayarwa ya tabbatar dusa ba ta toshe salansa ba. Wannan na ƙarshe shi ne mutane suka fi mantawa. A guguwar 2016, a garin Passaic na Jihar New Jersey, wata uwa da 'ya'yanta biyu ƙanana sun zauna cikin mota da injin a kunne don jin ɗumi, yayin da maigidan ke haƙe dusar da ta binne motar. Salansa a toshe take, hayaƙi ya koma ciki. Uwar da ƙaramin ɗan suka rasu nan take, 'yar ta bi su bayan 'yan kwanaki. Irin wannan ce ta faru a Murree ta ƙasar Pakistan a Janairun 2022, inda sama da mutum 20 da suka je kallon dusar ƙanƙara suka mutu a cikin motocinsu.

Ko bayan sama ta washe, mutuwa ba ta ƙare ba. Dokar New York ta ɗora wa mai gida ko mai shago alhakin share hanyar masu tafiya a ƙafa da ke gabansa. Idan dusar ta tsaya da rana, sa'a huɗu aka ba shi, in ya saɓa a ci shi tara. Kwasar jiƙaƙƙiyar dusa da shebur aiki ne mai nauyin gaske, kuma ana yin sa ne cikin sanyin da ke tsuke jijiyoyin jini ya ɗaga hawan jini. Wani bincike da aka yi kan bayanan asibitoci daga 1990 zuwa 2006 ya gano cewa kimanin Amurkawa 100 ke mutuwa a shekara ta wannan hanya, mutum 11,500 kuma ke zuwa sashen gaggawa da rauni. Yawancin masu mutuwar maza ne da suka manyanta, waɗanda suka shafe watanni a kujerar ofis sannan suka tashi rana ɗaya suka ce sai sun ga bayan tulin da ke ƙofar gida. Likitoci na ba da shawarar a riƙa turawa maimakon ɗagawa, a yi aikin kaɗan-kaɗan tun dusar ba ta taru ba, mai ciwon zuciya kuma ya biya wani ya yi masa.

Lissafin 'yan kasuwa

Hunturu mai sauƙi bala'i ne ga mai sayar da kayan sanyi. A farkon Janairun 2016, katafaren kamfanin shaguna na Macy's ya sanar da faɗuwar ciniki da rage dubban ma'aikata, ya kuma ce kusan kashi 80 cikin 100 na raguwar ta fito ne daga rigunan sanyi da takalma da huluna da safar hannu da aka kasa sayarwa. Shaguna da dama suka karya farashi don su rabu da kayan, su samu wurin jera na bazara. Makonni biyu bayan haka ana neman shebur da buhun gishiri ido rufe, kantocin burodi da madara da ƙwai suka zama wayam. Wanda ya yi haƙuri da hajarsa ya ci riba, amma da iyaka, domin dokar Jihar New York da ta wasu jihohi da dama ta haramta tsawwala farashin kayan masarufi a lokacin ta-ɓaci.

Talaka mai ƙarfi a jika shi ma yakan samu rabonsa. Bayan guguwar, birnin New York ya ɗauki leburori na wucin gadi a kan Dala 13.50 a sa'a, don su haƙe tashoshin bas da mashigar masu tafiya a ƙafa da famfunan kashe gobara da dusa ta binne. Tulin da aka kwashe daga tituna kuma aka riƙa loda shi cikin manyan injuna masu narkarwa, ruwan ya bi magudanar ƙarƙashin ƙasa. A garuruwan bakin teku na kudancin New Jersey kuwa ba shebur aka nema ba. Iskar guguwar ta haɗu da cikar wata ta turo teku cikin gari, har a Cape May ruwan ya haura inda ya kai lokacin mahaukaciyar guguwar Sandy ta 2012, mazauna suka wayi gari suna kallon ɓaraguzan ƙanƙara na yawo a kan titunansu.